Yadda Muka Mayar wa Maman Wisdom Ƙibarta

Sunanta Ƙauna, amma in ka shiga Samaru kana tambayar Ƙauna sai ka wuni ba wanda ya gane. Maman Wisdom kowa ya sani, mai shinkafa da wake a bakin titi, daura da ƙofar jami'a. Ni ce mai yi mata ɗinki. Sunana Bibiana, shagona yana Muciya cikin Sabon Gari, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina auna matar nan da tef, saboda haka in ana maganar jikinta kowa ya yi shiru ya bar ni in faɗa. Cocinmu ɗaya, zumuntar mata ɗaya. Abin da aka yi mata a gabana aka yi, har da hannuna a ciki, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga kudancin Kaduna mijinta Shekari ya kawo ta, tana amarya siririya, shi kuma yana tuƙin babbar mota. Suka kama ɗaki a Hanwa. Da tukunya ɗaya da benci ɗaya ta fara sana'a. Abin da ya ja mata ɗalibai ba komai ba ne illa hannunta a kan mai. Yaro zai miƙo kwano ya ce, "Mama, add oil small, don Allah," ita kuma ta kwarara masa ludayi guda ba ta ko duba ba. A tsaye take cin abinci, ɗanɗana nan, ɗanɗana can, in an tashi kuma ta kankare ƙanzon tukunya, ta zuba masa manja da yaji, ta haɗa da tozo da ganda. Shekara ashirin ana haka, jiki ya buɗe.

Mu kuwa muka yi ta tafi. A wajenmu ƙibar mace takardar shaidar miji ce. Shekari na shigowa coci, dattawa za su ce, "Baban Wisdom, gaskiya ka iya kiwo!" Shi kuma ya yi ta murmushi, mutumin da tun da na san shi ƙashin wuyansa a waje yake. Ban da sana'arta, ita ce babbar mai girki ta cocinmu. Biki ne, Kirsimeti ne, godiyar kaka ce, ba a ɗora tukunya sai Maman Wisdom ta zo ta ce a ɗora. Wannan muƙamin ba a biyan ta ko sisi a kansa, amma ya fi mata komai a duniya.

A shekarar 2003 jikin ya fara karɓar hakkinsa. Gwiwoyi suka ƙi. In za ta hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari sai kwandasta ya jira ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta huta, ta ɗaga ɗayar. A coci in an ce a durƙusa, ita sai dai ta sunkuyar da kai. Ciwon kai kuwa kullum. Wata rana da hantsi jiri ya ɗebe ta a gaban murhu, saura kaɗan ta faɗa cikin tukunyar wake. Aka kai ta asibiti, aka ce hawan jini ne, ya hau sosai.

Akwai wata nas a can, Bayarabiya, Sista Bukola, mai Hausa kamar a Tudun Wada aka haife ta. Ta zaunar da ita ta ce, "Mama, abu huɗu zan gaya miki. Ki rage mai, ki rage gishiri, ki rage tuwo, ki riƙa tafiya da ƙafa. In ba haka ba wata rana za ki faɗi, ba za ki tashi ba."

Cikin huɗun nan ɗaya Maman Wisdom ta ɗauko ta kawo gida, wato mai. Kuma ita ba ta san rage ba. Tun da na san ta, in ta so ka ta so ka har ka gaji, in ta ƙi ka ko gaisuwa babu. Sai ta ɗaura yaƙi da mai gaba ɗaya. Manja, man gyaɗa, man shanu, kitse, har gyaɗar kanta da ƙwai, duk ta kore su daga kwanonta. Tana wuni tana kwarara wa ɗalibai mai, ita kuma ta koma gefe ta ci farar shinkafa da dafaffen tumatir. Ta sa aka ware mata ƙaramar tukunya a gida. Miyar kuka ba mai, miyar kuɓewa ba mai. Na ɗanɗana sau ɗaya don kunya, ban ƙara ba.

To abinci ba mai ba ya zama a ciki. Ta ci da rana, kafin la'asar yunwa ta dawo kamar ba ta ci ba. Sai ta cika gurbin da abin da take ganin ba shi da laifi. Tuwo malmala uku. Biredi guda da shayi, sukari cokali huɗu. Kunun zaƙi kofi biyu, lemon kwalba a kai. In ka yi magana ta ce, "Ai ba mai a ciki." Bayan wata uku ta shigo shagona tana taƙama, ta ɗaga hannuwa ta ce in auna. Na zagaya ta da tef, na sake zagayawa. Ta ƙaru da inci ɗaya. Na yi dariya har na zauna a kan tarin yadi.

"Bibiana, tef ɗinki ya lalace," in ji ta.

"Yaya, tef ɗina lafiyarsa lau. Tuwo ne bai san kina yaƙi da mai ba."

Ta fita ba sallama. Amma ta koma wajen Sista Bukola, ita kuma ta wanke ta tas. Ta ce mata wanda ya bar mai ya rungumi sukari da tuwo bai bar komai ba. Ta ce malmala ɗaya ta isa, ta cika kwano da zogale da rama da kabeji da wake, ta bar lemon kwalba, ta taka daga Hanwa zuwa Samaru. Ta kuma ce mata cokali ɗaya na mai a miya ba laifi ba ne, jiki na bukatarsa. Duk Maman Wisdom ta ɗauka ban da wannan na ƙarshe. Ta ce ita da mai sai a lahira.

Nan fa abu ya fara aiki, kuma zan faɗi gaskiya, ya yi aiki. Wata biyu ta kawo mini riguna uku in rage. Wata biyu kuma ta sake kawowa. Ni al'adata in zan rage wa mace riga ba na yanke rarar, ninke ta nake a ciki, don na san mata, ana tafiya ana dawowa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Yanke! Ba zan koma can ba." Na sa almakashi na yanke. Gwiwoyinta suka saki. Ciwon kai ya tafi. Asibiti suka rage mata magani. Matar da ake jira ta hau bas, ita ce take wuce ni a hanya da kwando a kai. Ranar wata Lahadi da aka ce a durƙusa, na ji motsi a gefena, na buɗe ido ɗaya, sai ga Maman Wisdom a kan gwiwoyinta biyu, hawaye na zuba. Da zumunta ta tashi waƙa kuwa, ta karɓi caki ta yi rawa har tsakiyar coci.

Amma taurin kan nan na ƙin cokali ɗaya ya nuna a jikinta. Fatarta ta bushe ta yi fari, ko ta shafa basilin ba ya zama. Leɓɓanta suka tsattsage. Gashi ya riƙa karyewa a gaban goshi. Kumatun da suka saba cika suka zube, fatar wuya ta yi yaushi. Ga saurin fushi, don mai jin yunwa ba ya da haƙuri. A ciki ta fi shekarun baya lafiya nesa ba kusa ba, a waje kuma in ka gan ta sai ka ce ta tashi daga jinya.

Shekarar 2004 ce fa. Duk bangon da ka duba a Sabon Gari hoton ƙanjamau ne, an zana mutum ƙashi da fata. Ba ma a kiran sunan ciwon, sai a rage murya a ce "ciwon zamani". A lokacin in ka rame da zazzaɓi na sati biyu, kafin ka warke an gama yi maka jana'iza a baki.

Ni ce na kunna wutar, ban sani ba. Shugabar zumuntarmu, Mama Martina, ta zo karɓar ɗinkinta, ta ga farar rigar zumunta a kan keke, ta ce ta wace ce. Ni kuma da bakina da ba ya rufuwa, ina jin daɗi, na ce, "Ta Maman Wisdom ce. Karo na uku ke nan ina rage mata. Inci tara ta zubar cikin wata bakwai!"

Mama Martina ta riƙe haɓa. "Inci tara? Hmm. To, Allah ya sa lafiya."

"Lafiya lau, Mama. Mai ta bari."

"Mai," in ji ta, tana gyara mayafi. "Haka ta ce miki?"

Kafin Lahadi magana ta zagaye Muciya, ta haura Hanwa, ta isa Samaru. Sai ga masana sun fito ta ko'ina. Wannan ta ce tun bara ta lura. Waccan ta ce a dubi leɓenta. Wata ta ce ai mijin direba ne, kun san direbobi, kuma ku dubi wuyansa. Wuyan da yake haka tun kafin a haifi wasunsu! Mutumin da jiya ya iya kiwo, yau shi ne ya kwaso ciwo ya kawo gida. Ma'aikatan jami'a da suke aiko da kula a zuba musu suka daina. Ɗalibai suka ragu, suka koma wajen wata can gaba wadda wakenta ko dahuwa ba ya yi.

Daga nan sai ziyara. Ku da ba ku san zumuntar mata ba, in mace ba ta da lafiya muna ɗaura zanen zumunta mu je gidanta da waƙa da addu'a. Abu ne mai kyau, in akwai marar lafiya. Ranar wata Alhamis mu bakwai muka sauka gidan Maman Wisdom ba ta gayyace mu ba. Muka same ta tana faskare. Faskare fa! Ta aje gatari ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kofin silba kamar yadda ake yi wa baƙo. Ba wadda ta miƙa hannu. Mama Martina ta ce, "Mun gode, muna azumi." Mata shida, azumi ya kama su rana ɗaya, alhali a cikin bas ina kallon biyu suna cin gyaɗa. Ni na sha. Aka rera waƙar masu ciwo, aka yi addu'a Ubangiji ya taɓa 'yarsa, ya gafarta abin da ke ɓoye. Ita tana zaune tana kallon mu ɗaya bayan ɗaya.

Da muka tashi ta riƙe ni a ƙofa. "Bibiana, wane ciwo nake yi?"

Na kasa kallon ta. Na gaya mata abin da ake faɗa.

Abin da ya fi wannan muni a coci ya faru, ranar Jibin Ubangiji. Mu a cocinmu ƙoƙo ɗaya ake sha, fasto na riƙe da shi, ana bin layi. Maman Wisdom ta durƙusa ta kurɓa ta tashi. Mata huɗu da ke bayanta suka juya suka koma wurin zamansu, kai a sunkuye, wai addu'a ta kama su. Ni ce ta biyar. Na je, na durƙusa, na kai ƙoƙon bakina. Ban kurɓa ba, leɓe kawai na taɓa. Ni da na san gaskiya, ni da na auna ta da hannuna, ni da na sha ruwan gidanta kwana goma da suka wuce. Ban san abin da ya shiga kaina ba, idon mutane ne ko tsoro ne, amma na yi, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Ta yi abin da mai hankali zai yi. Ta ja Shekari suka je aka gwada jininsu, aka ba su takarda, ba su da komai. Ta kawo takardar taron zumunta na ranar Talata, ta ba magatakarda ta karanta da ƙarfi. Aka ce "Haleluya", aka tafa. Muna fita ƙofa na ji wata tana cewa takarda ai saye ake yi. Wata ta ce, "Mai lafiya me zai kai shi gwaji tun farko?" Tir! Da ba ta je ba su ce tana ɓoyewa, da ta je sun ce ta tona kanta.

Duk wannan ta shanye. Cinikin da ya ragu ma ba ta yi kuka a kansa ba. Abin da ya karya ta shi ne godiyar kaka ta watan Nuwamba. Aka karanta sunayen masu girki a coci, babu nata. Bayan sujada Mama Martina ta dafa kafaɗarta da yatsu biyu ta ce, "Maman Wisdom, bana ki huta. Kin yi wa Ubangiji aiki da yawa, ki kula da jikinki." Shekara goma sha biyar tana riƙe da muciyar cocin nan. Ranar bikin ta zauna a benci kamar baƙuwa, aka miƙo mata dafa-duka mai ɗanyen tsakiya.

Washegari ta zo shagona ta zauna a kan kujerar masu jira. Can ta ce, "Bibiana, gara hawan jini. Shi in kana da shi mutane na gaishe ka, suna shan ruwan gidanka."

"Yaya, kada ki soma. Ki sa cokali ɗayan nan da nas ta ce, fatarki za ta dawo, bakinsu zai mutu."

"Cokali ɗaya ba zai rufe bakin zumunta ba," in ji ta.

Yadda ta bar mai haka ta koma masa, ba rabi. Kuma a bainar jama'a ta yi, da gangan. Da tsakar rana, lokacin da titin Samaru ya fi cika, sai ta fito da kujera gaban rumfa, ta cika kwano da shinkafa, ta kwarara manja har ya kwanta a gefe, ta ɗora tozo, ta ci kowa na gani. Ta ce mini satin farko har amai ya taso mata, ta danne. Ta daina takawa daga Hanwa, ta koma bas. Asibiti ma ta daina zuwa, don ba ta son haɗa ido da Sista Bukola, maganin kuma da ya ƙare ba ta karɓo wani ba. Ƙibar da ta sha wuya kafin ta zube, a guje ta dawo, har da ƙari. Rigunan da na yanke wa rara ba su shige ta ba, sai sababbi na ɗinka. Ina auna ta ina mita, na ce tana kashe kanta saboda matan da ba su kai ta ba. Ta ce, "Ke kika fara ƙirga musu inci. Auna ki yi shiru." Na ci gaba da awo.

Kai, ku zo ku ga murna! Matan da suka gudu daga ƙoƙo su ne suke rungume ta a ƙofar coci. "Maman Wisdom, kin warke! Dubi kumatu!" Kulolin ma'aikata suka dawo, benci ya cika. Mama Martina ta tashi a gaban jama'a ta ba da shaida, wai ziyarar da muka kai Hanwa ce Ubangiji ya amsa, ya tashi 'yar'uwarmu daga bakin kabari. Coci ya ɗauki guɗa. Ita kuma Maman Wisdom tana zaune, don a lokacin gwiwoyin sun sake ƙi, ba ta iya tashi da sauri. Kirsimetin 2005 aka mayar mata da muciyarta, kuma ban taɓa ganin ta da farin ciki irin na ranar ba. Wannan ma gaskiya ce, dole in faɗa.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ta ƙara. Ciwon kai ya dawo, tana ɗaure goshi da ɗankwali tana cewa hayaƙi ne. A watan Afrilu na 2007 ana bikin auren 'yar wani dattijon coci, tana tsaye a kan babbar tukunya a bayan coci, rana tsaka, tana faɗa wa wata ta rage wuta. Maganar ta karkace a bakinta. Muciya ta faɗi, ita ma ta bi ta. Aka ce jijiya ce ta fashe a kai. Kwana uku ta yi a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba, ran na huɗu da safe ta cika. Shekararta hamsin da ɗaya.

Mu matan zumunta mu ne muke shirya gawar 'yar'uwarmu. Na kawo farar rigar da na ɗinka mata, muka shiga ɗakin mu takwas. Sai da mutum shida suka kama kafin muka iya ɗaga ta mu sa mata. Shekari yana waje a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa. Da muka gama, Mama Martina ta ja baya ta dube ta tun daga kai har ƙafa, ta share hawaye da bakin zane, ta sauke ajiyar zuciya.

"Kai, mun gode wa Allah," in ji ta. "Ta tafi da jikinta cif. Yanzu ba wanda zai ce wani abu."

Na buɗe baki in zage ta, sai na ga duk ɗakin ana gyaɗa kai.